Malam Isufu da Farantansa

Rabi, abokiyar karatuna, ce ta kira ni daga garin Dapaong, hayaniyar tasha na tashi a bayanta. "Kin ji? Malam Isufu ya rasu." Na yi salati. Kowaccenmu tana jiran 'yar'uwarta ta fara yabo. Ba wadda ta fara.

A Sokodé, bayan shagon ƙaninsa, Malam yake shirya waɗanda suka gama jami'a don jarrabawar neman aikin rubuta manhajar kwamfuta. Tambayar da ya fi so ita ce postfix, lissafin da ake jera lambobi tukuna, alamar tarawa ko ragewa ta biyo baya. Da farantan matarsa yake koyar da ita. Lamba ta zo, a ɗora faranti. Alama ta zo, a sauke biyun sama a yi lissafi da su. Dabarar tana da kyau, ba zan hana masa wannan ba. Yakan ce, "Wanda bai iya a allo ba, kwamfuta ba za ta rufa masa asiri ba." Don haka ba ya barin mu gwada komai a na'ura.

Shi ya sa kuskurensa ya yi tsawon rai. A tarawa da ninkawa, kowane faranti ka fara ɗauka amsa ɗaya ce. A ragewa kuwa Malam juya su yake yi: takwas, biyu, alamar ragewa, sai ya cire takwas daga biyu. Wata rana na ɗaga hannu.

"Malam, biyu ake cirewa daga takwas fa."

"To, Hajiya farfesa, ga alli."

Na karɓa, na nuna. Ya dubi allon, ya dubi ajin. "Tun ba a yaye ki ba nake wannan aiki. Ɗauki jakarki."

Na ɗauka, na fita. Rabi, wadda ta baro Dapaong musamman don wannan aji, ta zauna. Daga baya na roƙe ta ta gwada a na'ura da kanta, ta ce, "Ke dai kin cika baki. Mutum da furfurarsa zai yi mana ƙarya?" Da wani kamfani a Lome ya kira ta jarrabawar ɗaukar aiki, tambayar ce ta fito, har da ragewa. Ta amsa yadda aka koya mata, suka yi mata godiya, suka sallame ta. Yau katin waya take sayarwa. Da ta kai wa Malam labari, cewa ya yi, "Ba rabonki ba ne, ɗiyata." Bai taɓa gyarawa ba.

An ce ba ya fashin sallar jam'i, kuma yana riƙe da marayun ƙanwarsa. Na yarda, ban dai ga wannan ɓangaren ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya yalwata, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya tsaya wa marayun nan. Rabi ta ce ta yafe masa har zuciya. Ni kuma, ya Allah, Ka ba ni irin zuciyarta, don har yanzu ban samu ba.