Malam-buɗe-littafin da ya hana ni kwaleji

Ko daga barci aka tashe ni zan faɗi abin da ya faru ran nan daki-daki, don ba na mantawa da shi har abada. Shekarar samun 'yancin kai ce, ina ƙaramin malami a wata makarantar mishan kusa da Illo, inda mutanen Dahome ke tsallakowa cin kasuwa. Burina ɗaya, a tura ni kwalejin horon malamai, kuma hakan ba ya yiwuwa sai sufeton makarantu ya ga koyarwata ya yarda.

Ranar da ya zo, darasin halittu nake yi. Na kawo malam-buɗe-littafi guda biyu a ƙwarya, na rufe da guntun gidan sauro. Dukansu ruwan goro ne, bakin fiffike baƙi da ɗigon fari, ka rantse uwarsu ɗaya. Na bayyana wa yara cewa na farkon tun yana tsutsa ganyen tumfafiya yake ci, dafin ya zauna a jikinsa, tsuntsun da ya haɗiye shi sai ya yi amai, ba ya ƙarawa. Na biyun kuwa ba shi da dafi ko kaɗan, rigar aro ce a jikinsa, tsuntsu ya ɗauka mai dafin ne ya ƙyale shi. Kuma macen kawai aka yi wa rigar, ita mai ɗauke da ƙwai, namijin baƙi ne. Na ce, "To wa ya san tana bukatar kariya? Ubangiji da ya yi ta."

Sufeto ya gyara murya daga bayan aji. "Malam, nan ba coci ba ne. Gaya musu a hankali ta rikiɗe, shekara da shekaru, ba wanda ya zana ta."

Wayyo! Na ji kwalejin na sulalewa. Amma ni tun ina yaro kafiya gare ni, uwata ma ta gaji ta bar ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka ce in gaya musu haka littafi ya ce, zan faɗa. Amma in ce babu mai zane, bakina ba zai iya ba."

"Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani."

Ya ɗauki hularsa ya hau keke, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Wani aka tura kwalejin a madadina. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, sai da na yi kwanaki abinci ba ya shiga. Maƙwabcina, wani tsohon manomi Musulmi, da ya ji labari sai ya riƙe baki ya ce, "Mi? To wa yay yi ta in ba Allah ba?"

Na tsufa ina ƙaramin malami, waɗanda na koyar sun zo sun zama shugabannina. Abin da na koya shi ne, gaskiyar da ka yarda da ita tana iya cinye maka rabo, ba a kuma mayar maka. Duk da haka, in sufeton nan ya dawo gobe, amsar da zai ji ke nan.