Dolor da Ruwan Rijiyar Kelinu

Gidan su Dolor na kallon namu a garinmu Zurrieq, titin da ke tsakaninmu ko mota ɗaya sai ta yi dabara take wucewa. Shekara ashirin da takwas ta yi tana ɗinka wanduna a masana'anta. Ba ta taɓa aure ba. Da aka rufe masana'antar sai ta koma jinyar mahaifiyarta, shekara goma sha ɗaya tana ɗaga ta tana kwantarwa. Ƙanenta Kelinu kuwa ran Lahadi kawai yake leƙowa bayan coci, ya ci zomo da taliya, ya goge baki ya tafi.

Da tsohuwar ta rasu aka raba gida. Kelinu da matarsa Vitorin suka ɗauki ƙasa, da tsakar gida, da rijiyar da ruwan sama ke taruwa a ciki. Dolor ta sami bene da saman soro. Sati bai cika ba Kelinu ya sa wa murfin rijiyar kwaɗo.

A lokacin sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwasa mata yatsu. Da doka ta yarda kowane gida ya shuka wiwi guda huɗu, sai ta jera tukwane a soro, don ta riƙa haɗa man shafawa. Ruwan famfonmu kowa ya san shi, ga zartsi ga farar ƙasa, buta ma wata biyu take yi ta yi fari fat. Ganyen nata ya fara rawaya. Ta sauka ta roƙi ƙanenta bokiti biyu a sati.

"Yaya, ruwan nan ko wiwina huɗun da tumatirin Vitorin bai isa ba," in ji Kelinu yana dariya. "Ke da tsufanki me ya haɗa ki da wiwi? Ki shuka na'a-na'a mana."

Ta koma bene. Shukar ta mutu duka.

Wani mai sayar da kifin ado a garin Qormi ne ya koya mata. Ya sayar mata da ɗan ma'auni kamar biro, wanda ake tsomawa ya nuna lambar tsamin ruwa; in tsami ya yi kaɗan, lamba ta hau. Ruwan famfonta takwas ya nuna. Ya ce mata in lamba ta hau haka, ko buhun taki ta zuba saiwa ba za ta iya sha ba. Daga nan ta kama tsari. Ta tari ruwa ya kwana, ta dama taki tukuna, sannan ta auna, sannan ta riƙa ɗiga ruwan tsami ɗigo-ɗigo tana juyawa da ludayi har lamba ta sauko shida da 'yan kai. Yatsunta ba sa iya matsa kwalbar, da tafin hannu biyu take matsawa. Shuka ta biyu sai da ta kai mata kafaɗa.

Shekara uku ana haka, sai rijiyar ta tsage. Kelinu ya ƙi kiran magini, ya shiga da kansa ya yaɓe ta da sabon siminti, ruwan farkon damina ya cika ta. Ba a jima ba ganyen wiwinsa ya fara rawaya. Wata safiya ya manta garwar ban ruwa a bakin matakala. Ina zaune a wajen Dolor muna shan kofi, ta sauka da kofin da ba komai a ciki, ta ɗebo ruwan garwar, ta tsoma ma'auninta. Lamba ta wuce tara.

"Simintin ne," ta ce da ni a hankali. "In kika faɗa wa Vitorin, kada ki sake hawo mini bene."

Bayan kwana biyu Kelinu ya hau soron, karo na farko tun rabon gado. Ya tsaya yana kallon tukwanenta.

"Yaya, nawa suna ta lalacewa. Me kike ba naki?"

"Yunwa suke ji, Kelinu. Ka san rowarka. Ninka musu taki."

Ya ninka. Bakin ganyen ya ƙone. Ya dawo, ta ce wataƙila bai isa ba, ya kuma yawaita bayi da ruwan rijiyar nan tasa mai kyau. Sati uku kullum da safe tana jan kujera zuwa bakin soro tana leƙen tsakar gida. Ranar da ya tuge na ƙarshe ya jefa a shara, ta aika aka sayo mata pastizzi shida, irin samosar garinmu, ta cinye huɗu a zaune.

Vitorin ce ta gano, da ta kai ruwan a kwalba wurin mai kifin. Kelinu ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga murya har maƙwabta suka buɗe tagogi.

"Kin sani kika yi shiru? Ni ɗan'uwanki?"

Dolor ta leƙo. "Na sani tun ran Talatar farko. Je ka shuka na'a-na'a."

Tun daga ranar ba su sake magana ba. A bikin waliyyiyar garinmu kowa da gefen titin da yake tsayawa. Na taɓa tambayarta ko abin ya dame ta. Ta daɗe tana murza man a yatsunta kafin ta ce tumatirin ne kawai, domin su ma sun bushe, kuma Vitorin ba ta taɓa yi mata komai ba. Washegari na gan ta ta dawo daga wurin mai motar kayan miya da kwando cike da tumatir. Ta jira har Kelinu ya fita, ta ajiye a ƙofar ɗakin girkin Vitorin, ta ƙwanƙwasa, ta hau benenta kafin a buɗe.