Kore a Jikin Naman Inna

A shekarata ta farko a makarantar kwana a Birnin Kudu ba ni da abokan ci. A ɗakinmu, ranar Asabar bayan wanki, 'yan mata kan zauna rukuni-rukuni, wannan ta kawo garin kwaki, waccan ƙuli-ƙuli da yaji, a kwaɗa a roba ɗaya. Ba a gayyatar kowa da baki. Abin hannunki ne yake nema miki wurin zama. Ni kuwa sai in zauna a bakin gado ina sake ninke kayan da na riga na ninke.

Bayan Babbar Sallah wani direban motar Gwaram ya bar mini ƙunshi a bakin ƙofar makaranta. Naman shanu ne, Inna ta sa masa gishiri ta yi masa banda, ta naɗe a takardar siminti. Da na buɗe, hayaƙin madafinmu ne ya fara gaishe ni.

A gida da hannu muke yagar banda, yana bin silinsa. Amma na ga 'yan matan suna da yawa, naman kuma kaɗan ne. Sai na ɓare sabuwar rezar da na saya don fiƙe fensir, na yayyanka shi a gicciye, falle-falle, don ya yi auki. Na jera a murfin kwano na nufi rukunin da ke bakin taga.

"Yaya, ga wannan," na ce wa babbarsu, 'yar aji biyar.

"A'a, ashe kina magana! Ku matsa wa 'yar Gwaram."

Suka matsa. Har gwiwata ta taɓa tabarma, sai wata ta ɗaga yanka ɗaya ta kai shi ga hasken taga.

"Ke, mene ne wannan?"

Wani kore ne yake sheƙi a jikin naman, da ratsin shunayya, kamar wuyan tantabara. In ta juya hannu sai launin ya gudu, ya sake dawowa.

"Wallahi ya ruɓe."

"Ko dai a tankin mai direban ya sako shi?"

"Ni dai ba da ni ba. Wa zai yi jinyata?"

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini murfin, ta ce, "Kada ki ji komai, ƙanwata. Je ki zubar, ki wanke hannu da sabulu."

Na so in ce naman Inna ba ya lalacewa. Amma ni ma ban taɓa ganin wannan launi ba, har zuciyata ta fara zargin ta.

A bayan ɗaki, gindin darbejiya, na yi yadda nake ganin Inna tana yi. Na shinshina: hayaƙi da gishiri kawai. Na murza: a bushe yake, ba yauƙi, ba hunhuna. Na yagi guntun da ya rage a takarda da hannu, babu kore. Na sa masa reza, ga shi nan ya fito. Sai daga baya na san cewa haske ne yake tarwatsewa a kan bakin silin da aka datse sumul, kuma sheƙin ba ya nuna nama ya lalace, ba ya nuna yana da kyau. A ranar dai abin da na gane shi ne aikin reza ne. Na ci yanka ɗaya, na zauna ina sauraron cikina har aka kira la'asar. Shiru.

Na koma da niyyar in nuna musu, ina ta jera maganar a raina. Na tarar sun naɗe tabarma, ana ɗauraye robar.

"Kin zubar?" in ji Yaya.

Duk suka juyo suna kallona. Na gyaɗa kai.

Sauran na ci shi kaɗan-kaɗan a gindin darbejiyar, ni kaɗai, har aka yi hutu.