Wuta a Ƙarƙashin Ruwa

Babanmu nutso ne sana'arsa. Idan kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa, shi ake kira, a ɗaura masa igiya a ƙugu, ya sauka ya lalubo gawa. Tarwaɗa ake ce masa. Yakan ce can ƙasa ido ba ya aiki, sai hannu, don ko tafinka ba ka gani. Aikin ya cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai maƙwabta sun amsa.

Yayana ma ruwan ne ya ci shi. Baba, wanda ya fito da 'ya'yan mutane ba adadi, ya yi ta nutso har jini ya ɓalle masa ta hanci, bai samo nasa ba. Daga nan ya rataye igiyar, ya koma zaman falo.

Yaya ya bar yarinya ɗaya, muna ce mata Tsigi, ko makaranta ba ta shiga ba. Da tambayar ina Abbanta yake ta ishi uwarta, sai ta nuna mata wani katun a talabijin, na garin kifaye a ƙarƙashin teku, ta ce can Abbanta ya tafi aiki. Tun daga ranar yarinya ta daina kuka, ta koma cin abinci. Kullum tana gaban talabijin, tana leƙa bayan kifaye ko za ta hango shi. Baba kaɗai ne bai san zancen ba. Wa ya isa ya tunkare shi da sunan Yaya?

Shi kuwa ya tsani katun ɗin nan kamar ciwon haƙori. Wata rana da la'asar ina guga a gefe, ya fara.

"Kai jama'a! Kifi da lema? Ruwan sama ake yi a cikin ruwa? Dubi wancan, ya yi wanki ya shanya. A gidan uban wa zai bushe?"

Na ce, "Baba, na yara ne, ka ƙyale su."

Ina! Ta mataccen kunnen na faɗa. Sai ga wata ƙaguwa ta ƙyasta ashana ta hura wuta, kifaye suka zagaye suna jin ɗumi. Baba ya buga cinya. Na yi ta ƙifta masa ido, na yi tarin ƙarya, wallahi kamar in jefe shi da dutsen gugar.

Ya janyo Tsigi jikinsa, ya ce, "Amarya, kada su raina miki hankali. Ni na je can. Babu wuta, babu gida, babu gado. Laka ce da sanyi da duhu."

Tsigi ta ɗago kai. "Kaka, to Abbana da me yake jin ɗumi?"

Uwarta na bakin ƙofa da faranti a hannu, ta juya ta koma kicin. Baba ya dube ni, na sunkuyar da kai, nan take ya gane. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa bai sake ni ba. Ya so ya gyara, ya ce wai ruwa iri-iri ne, wataƙila na teku daban yake. Amma Baba bai iya ƙarya ba, ko yaron goye ba zai yarda ba.

"Ka ce ka je can," in ji Tsigi.

"Na je."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"To me ya sa ka dawo ka bar shi?"

Tsigi ta zame daga jikin Baba, ta kashe talabijin da kanta, ta shige ɗaki. Muka ji tana jan akwati. Ta fito da bargonta yana jan ƙasa, ta tula masa a cinya.

"Gobe ka koma ka kai masa."