Dattijon da Ke Son Injin Ban Ruwa

Ku daina cewa masu haƙar ma'adinai ba ruwansu da majalisa! Ga wani dattijo nan a teburin mai shayi a Kibiya, gemu fari fat da ƙurar dutse, hannu duk kanta. Rediyo na cewa ɗan majalisarmu na tarayya ya sake nema wa masu haƙa tallafi. Dattijon ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

"Baba, har da kai a rabon?" in ji mai shayi.

"Yaro, inji kawai nake so. Da damina ta sauka ramina ya cika, aiki ya tsaya."

Yana kurɓar shayinsa yana murmushi, kamar injin na hanya. To ku masu waya, ku yi magana har Abuja ta ji!