Abin Da Alkama Ta Yi Wa Gidan Ovidio

Ovidio Ferrarotti mijin yayata ne, Nélida. Ya yi shekara arba'in yana gasa wa garinmu burodi, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ranar da wando ya zauna masa a ƙugu ba. Kowa Flaco yake ce masa, wato Tsinke. Hatta fada, limamin cocinmu, in ya sha'afa, haka yake kiransa.

Gidan burodin na kakansu ne, wanda ya zo daga Italiya. Ya bar wa ubansu, uban ya bar wa Ovidio da ƙanensa Rinaldo. Ovidio ne a bakin tanderu, Rinaldo a kan kanta, ni kuma, Elba, ina naɗe wa mutane burodi a takarda tun ina budurwa. Rinaldo ƙato ne mai tumbi, bakinsa ba ya rufuwa.

“Kai Tsinke, koma ciki mana,” haka yake cewa in Ovidio ya leƙo da faranti. “Mutane su ga mai burodin haka, ai sai su ce sammu muke sayarwa. Elba, tsaya a gabansa ki tare shi, ko da yake tsintsiya ma ta isa.”

Ovidio ya yi murmushi ya koma. Ba mai magana ba ne. Amma hannunsa ya san kwaɓi, in ya dafa shi sau ɗaya ya san ko ya tashi.

Ciwon ciki kuwa tun yana yaro yake fama da shi. Ya ci, cikin ya kumbura kamar ganga, ya yi ta zarya bayan gida. Bakinsa kullum da ƙuraje, fuskarsa fari fat. Likitan garinmu na lokacin ya ce damuwa ce, ya rage shan mate, shayin ganyen nan na ƙasarmu. Uwarsa, Doña Ersilia, ta ce rashin iya girkin matarsa ne, don haka duk Lahadi sai ta aiko da tukunyar taliya ta ce ya cinye a gabanta.

Dama Doña Ersilia ba ta taɓa son auren ba. Mu 'yan lardin Santiago ne, babanmu ya zo aikin girbi ya zauna. Fatarmu ta fi tasu duhu, sunanmu ba na Italiya ba. A gaban mutane tana ce wa Nélida “'yata”, in sun juya baya ta ce “wannan baƙar”.

'Yar Ovidio da Nélida ta fari Zulema ce. An haife ta ɓul-ɓul, kumatu kamar a latsa. Sai da aka fara ba ta abinci abin ya soma. Gudawa ba tsayawa, ciki ya fito, ƙafafu suka tsotse, fatar ɗuwawu ta saki kamar ta tsohuwa. Yarinyar da ta fara tafiya ta koma zama. Likita ya ce tsutsar ciki ce, daga baya ya ce ruwan rijiya ne, daga baya ya ce wasu yaran haka Allah ya yi su.

Ta ƙi nama, ta ƙi kabewa, ta ƙi kowa. Hannun ubanta kaɗai take karɓa. Kullum in ya gama gashi sai ya ware ɗan kwaɓi mai laushi ya murza shi kamar tsuntsu, ya sa masa idanu da busasshen inabi. Ya ɗora ta a cinya, ya jiƙa a madara mai ɗumi.

“Buɗe baki, sarauniya, tsuntsu zai shiga sheƙa. Yauwa. Saura fiffike ɗaya.”

In ta cinye sai ya fito yana gaya wa kowa, “Yau ta ci duka! Elba, har wutsiyar!” Mu ma mu yi ta murna da shi.

Ba ta cika shekara uku ba ta rasu.

A ɗakin da aka ajiye gawar, mata cike, Doña Ersilia ta goge ido ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Na faɗa tun farko. Nonon uwar ne ba shi da kyau, jininsu ne mai rauni. A gidanmu ba a binne yara.”

Na kalli Ovidio. Yana tsaye kusa da ƙofa, hularsa a hannu, yana kallon takalminsa. Nélida ma ta kalle shi. Bai ɗago ba.

Maganar nan ta bi yayata shekara talatin. Da ta haifi namiji, Hernán, ba a bar ta ta shayar da shi ba, uwar miji ta sa aka ba shi madarar gwangwani. Da ya tashi lafiyayye, sai aka ce to ga shaida nan. A kanti, a coci, in mace na goyon yaro marar lafiya za ka ji ana raɗa, “Allah ya sa ba irin na matar Tsinke ba ne.” Ita kanta Nélida ta yarda. Ta taɓa ce mini, muna shanya, “Elba, in kin haihu kar ki bari in riƙe miki jariri da yawa.”

Ovidio ya haura hamsin lokacin da ya zame a gidan burodi da buhun fulawa a kafaɗa. Faɗuwar ba ta kai ta kawo ba, amma hannun ya karye kamar busasshen kara. A asibitin birnin Rosario suka ce ƙashinsa na ɗan shekara tamanin ne, jininsa kuma rabin na mutane. Wata likita mai suna Maidana ta ƙi sallamarsa. Ta ɗebi jini, ta zura masa wata igiya mai ido ta baki, ta gutsuro ɗan naman hanji don a duba.

Ranar da muka koma jin sakamako mu uku ne, don Nélida ba ta iya motocin Rosario ita kaɗai. Likitar ta juyo mana da allon kwamfuta.

“Ovidio, wannan cikin hanjin mai lafiya ne. Ka ga yadda yake da gashi-gashi kamar sabon tawul? Da su yake tsotse abinci. Wannan kuma naka ne.”

Nasa sumul yake, kamar tawul ɗin da ya tsufa ya koɗe.

Ta ce bangon hanji ƙwayoyin halitta ne jere kafaɗa da kafaɗa, kuma tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai wani ɗinki matsattse da ke ɗaure su, ba abin da ke ratsawa sai wanda aka yarje wa. Ta ce irin ɗinkin nan har a bangon jijiyoyin jini akwai shi. A jikin wasu mutane, wani sinadari da ke cikin alkama yana tayar da garkuwar jiki, ɗinkin ya saki, abin da bai kamata ya shiga ba ya shiga, jiki ya yi ta yaƙi da hanjinsa har ya cinye shi. Sunan cutar siliyak.

“Kana ci, amma abincin wucewa yake yi. Maganinta ɗaya ne: ka bar alkama har abada. Burodi, taliya, giyar sha'ir, duka. Sana'arka me ce?”

Ovidio ya yi wata 'yar dariya. “Burodi nake yi, likita.”

Ni ma na kusa dariya. Sai na ji muryar Nélida, can ƙasa.

“Likita, yara ma suna yin ta?”

“Sosai ma. Gado ce, tana bin dangi.”

“Ta wane gefe?”

“Ta kowane gefe tana iya zuwa. Amma a nan ga mai ita a zaune.”

“In yaro na da ita, yaya yake zama?”

Likitar ta fara lissafawa: lafiya lau har a fara ba shi abinci, sai gudawa, ciki ya kumbura, ƙafafu su tsotse, ɗuwawu ya saki, ya daina tafiya. Tana cikin lissafin ta dubi fuskokinmu ta tsaya. Da aka gaya mata labarin Zulema, ta ce ba za ta iya rantsewa a kan yarinyar da ba ta gani ba. Nélida ta ce ba sai ta rantse ba.

Muka hau mota muka kama hanyar gida. Gonakin alkama dama da hagu har inda ido ya ƙare. Ovidio ya ɗora hannunsa mai ɗauri a cinya, yana kallonsa.

Washegari da hantsi Nélida ta sa rigar cocinta ta ce mu raka ta gidan Rinaldo. Doña Ersilia na can, ta kusa casa'in, tana zaune a tsakar gida da bargo a ƙafa, hankalinta garau. Nélida ta tsaya a gabanta ta faɗa mata duk abin da likita ta ce, ba ta ɗaga murya ba.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ta ce, “Burodi? Ubangiji Yesu ma burodi ya ci. Ku je ku gaya wa likitar nan ta nemi miji.”

“Doña Ersilia, ba nonona ba ne. Shi kawai na zo ki faɗa.”

“A gidanmu babu wannan cuta. In ɗana ya lalace, girkinki ne ya lalata shi.”

Nélida ta juya ta kalli mijinta. Shekararsa hamsin da bakwai, gashi ya yi fari. Ya buɗe baki, na rantse na ga ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Nélida, ta tsufa. Mu tafi gida.”

Doña Ersilia ta rasu a damina ta gaba, ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Gidan burodi dole Ovidio ya bar shi, don ƙurar fulawa kaɗai tana shiga baki ta tayar masa da ciwon. Rinaldo ya karɓe, ya kuma ja masa kunne.

“Don Allah Tsinke, ka rufe bakinka. In garin nan ya ji burodi na kashe yara, kai za ka ciyar da ni? Ka ce bayanka ne ke ciwo.”

A bayan idonsa kuwa cewa yake yi yayansa ya kwaso cutar 'yan gayun birni.

Abin takaicin, Ovidio ya warke. Cikin 'yan watanni gudawa ta tsaya, ƙurajen baki suka tafi, kumatu suka fito. A karon farko a rayuwarsa ya ci abinci ya zauna masa. Mutane suna tare shi a hanya, “Kai Tsinke, ka koma saurayi! Me Nélida take ba ka?” Shi kuwa kamar ana watsa masa ruwan zafi. Ya taɓa ce mini, muna shan mate a ƙofar gida, “Elba, kin ga sauƙin abin? Shinkafa kawai. Da shinkafa na ba Zulema, da yanzu tana da 'ya'ya.”

Nélida ba ta taɓa yin sakaci da abincinsa ba. Ta ware masa tukunya, cokali, katakon yanka. Tuwon masara, shinkafa, dankali, gasasshen nama, wainar rogo da cuku irin ta mutanen arewacin ƙasarmu. Ko a coci ta je ta yi magana da fada a kan burodin jibin Ubangiji da ake rabawa a ibada. Amma ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Hernán, wanda ya daɗe da tafiya Córdoba aiki. Ta ajiye masa abinci a tebur, ta ɗauki nata ta ci a tsaye a kicin.

Sau ɗaya na ji ya gwada ba ta haƙuri. Ina wanke-wanke, ya zo bakin ƙofa.

“Nélida, ban sani ba. Wallahi da na sani...”

“Na san ba ka sani ba. Wa ya sani? Ni ma na sha riƙe maka kofin madarar.” Ta ci gaba da yanka albasa. “Burodin ba ka sani ba, Ovidio. Amma ni ka san ni. Kana tsaye aka faɗa, sau biyu.”

Abu ɗaya ya yi da ƙarfin kansa. Ya hau mota ya tafi Córdoba ya ce wa Hernán a gwada jikokinsa. Hernán ya ce yaransa lafiyarsu ƙalau, a bar tayar da tsohon zance. Ovidio ya ce ba zai bar gidan ba sai an gwada, ya zauna a kujerar falo da jakarsa a cinya, har matar Hernán ta gaji ta kai su. Ƙaramar, wadda ake cewa ƙyuyar ci ce da ita, tana da cutar. Aka cire mata alkama, ta miƙe kamar rake. Yanzu ta fi ubanta tsawo. In sun zo hutu tana rungume kakanta, shi kuma ya shafa kanta ya nemi dalilin fita waje. Ba ya iya daɗewa yana kallonta.

Ya yi shekara goma sha huɗu a haka. Da safe ya share ƙofar gida, da yamma ya je kallon 'yan wasan ƙwallon dutse a kulob, ba ya bi ta layin gidan burodi. Zuciya ce ta ɗauke shi, yana ban ruwan tumatir. Da aka zo sa masa kwat ɗin aurensa, ta ƙi rufuwa, sai da aka tsaga ta ta baya.

An sa shi a ɗakin kabarin dangin Ferrarotti, inda ake jera akwatunan gawarsu, ƙasa da uwarsa, kusa da ɗan akwatin Zulema. Nélida ta tsaya har aka rufe, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ƙi gaisuwar kowa ba.

Da wata ya zagayo ta je ofishin gunduma ta nemi izinin ɗauke ƙasusuwan 'yarta zuwa kabarin iyayenmu, can ƙarshen maƙabarta inda ake binne 'yan girbi. Rinaldo ya zo da sandarsa yana huci.

“Kin haukace ne? Yarinyar Ferrarotti ce! Me mutane za su ce?”

“Su faɗa,” in ji Nélida. “Ai na saba.”

Ma'aikata biyu suka fito da akwatin. Ƙarami ne, ba nauyi. Suka kawo baro za su ɗora, ta ce a'a. Ni na riƙe gefe ɗaya, ita ɗaya, tsofaffi biyu, muna tafiya muna hutawa. Rinaldo ya biyo mu har rabin hanya yana magana, daga nan ƙafarsa ta gaza, ya zauna a kan wani kabari.