Yaran Aro da Kugen Baba Ilu

Ban taɓa mantawa da ranar da sufeto ya zo ƙirga mana ɗalibai ba, lokacin ina koyar da aji huɗu a wata firamare a Zaitawa. Ga wanda bai san aikin ba, idan ɗalibai suka yi ƙaranci, ofishin ilimi kan haɗe makaranta da wata, hedimasta ya koma riƙe alli. Namu kuwa, Malam Sabo, ya fi son kujerarsa a kan 'ya'yan cikinsa.

Sai ya zagaya makarantar da ke bayan katangarmu ya aro yara, kamar mai aron tabarmin biki. Aka cusa su a azuzuwa, aka ja musu kunne cewa duk wanda ya tambaya, nan suke karatu.

Abin da bai lissafa ba shi ne kuge. Haka tsofaffi ke kiran ƙararrawar makarantar can, guntun ƙarfen dogo ne rataye a darbejiya, masinjansu Baba Ilu ke buga shi. Yaro kuwa yana iya manta sunan hedimasta, amma ba ya manta muryar kugen da ke sallamarsa cin abinci. Ga shi tararsu, wato hutun cin abinci, tana riga tamu.

Sufeto na tsakiyar ajina yana yaba yadda ya cika, sai kugen ya ɗauka daga bayan katanga. Nan take rabin aji ya miƙe, wasu ta ƙofa, wasu ta taga, suka nufi masu ɗanwake.

Sufeto ya ce, "Malam Sabo, ina za su?"

"Ranka ya daɗe, fitsari."

"Su duka? Ikon Allah. Wancan mai tabo a goshi ma jiya na ƙirga shi a can."

Na ce a raina yau Malam Sabo ya gama yawo. Ina! Suka shige ofis, aka turo ƙofa, aka aika a sayo gurasa da tsire. Da rahoto ya fito, makarantun biyu duk cike suke maƙil, matsalar kawai ƙarar kuge ce da ke raba hankalin ɗalibai. Aka sauke kugen, aka mayar da Baba Ilu gadi can bayan gari, da tsufansa. Har yau abin yana ci mini rai.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani: mai aron yara da mai ƙirga su ba sa rasa yadda za su shirya. Wanda ya yi aikinsa a kan lokaci shi ake nema wa laifi.